Gaisuwar Da Ba Tata Ba

Ni dai ban nemi aikin ba. Ina tsakar gida ina suyar gyaɗa Malam ya yi sallama ya shigo da rana tsaka, lokacin da ko gobara ake yi ba ya tashi daga kan kekensa na ɗinki. Ya ce in kwashe buhunan da ke ɗakin kusa da rijiya in share shi, za a kawo mana baƙi.

Na ce, "Baƙi daga ina?"

Ya ce, "Daga kotu."

Na ajiye sakainar da nake juya gyaɗa da ita na dube shi. Maigidana Malam Ɗanmaliki tela ne, shi ne kuma na'ibin liman a nan unguwarmu ta Daura a cikin Karaye. Bai taɓa yin ƙarar kowa ba, ba a taɓa yin ƙararsa ba. Ni kuwa Hajo, abin da aka san ni da shi ƙuli-ƙuli ne da man gyaɗa, sai kuma baki. Wannan abu ya faru ne a shekarar da soja suka canja kuɗi, kaka ta shigo ke nan.

Malam ya zauna a kan turmi ya yi mini bayani. Wata mata ce daga wajen Gwangwan, sunanta Baraka, ta tako da ƙafarta har gaban alƙali ta ce mijinta Halliru yana dukanta. Ba saki ta nema ba. Cewa ta yi kotu ta shiga tsakaninta da hannunsa. Halliru ya rantse bai taɓa ɗaga mata yatsa ba. Ta ce kunnenta na hagu ya daina ji saboda mari, shi kuma ya ce ciwon kunne ne tun na yarinta. Aka nemi shaidu, maƙwabta suka zo. Gidan yana can gefen gari bayan rafi, ba wanda ya taɓa gani, ba wanda ya taɓa jin kuka. Kowannensu magana guda ya faɗa: kullum suka haɗu da ita a rijiya ko a hanyar inji suka gaishe ta, lafiya lau take cewa.

"To shari'a ta tanadi irin wannan," in ji Malam. "In mace ta ce ana cutar da ita ba ta da shaida, alƙali yana zaunar da su ita da mijin a cikin mutanen da ya amince da su, su sa ido. Ƙarshen wata mu je mu faɗi abin da muka gani."

"In ba mu ga komai ba fa?"

"Sai a mayar da ita ɗakinta."

Na ce, "Wato an mayar da ni ɗan sanda a gidana, ko shawara ba a yi da ni ba."

Ya ce, "Amintacciya aka mayar da ke. Da an yi shawara da ke, da kafin la'asar har mahauta sun ji."

Washegari suka iso. Halliru ne ya fara shigowa, gajere mai faran-faran, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ajiye mini ɗaurin rake. Kafin in gama amsa gaisuwarsa ya lura ƙyauren ɗakin yana jan ƙasa, ya ciro guduma daga jakarsa ya gyara. Facin keke ne sana'arsa. Baraka na bayansa, doguwa siririya, Bafulatana. Tana saurarenka ne da kai a karkace, kunnen dama ta miƙo. Ɗanta guda, an yaye shi, yana ruga wurin kakarsa.

Wanda ya rako su tsoho ne, Bappa Sulle, ƙanen mahaifinta, shi ya riƙe ta tun rasuwar uban. Ya ƙi shigowa cikin gida, ya tsaya a zaure da sandarsa da malafarsa. Na fita na gaishe shi. Hausarsa ta fita sarai, sai dai ɗan ɗaurin harshe.

Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da mu. Yarinyar nan ta ɗauki kunyarmu ta kai kasuwa. Mu a wurinmu mace ba ta kai ƙara. Ko haihuwa take yi ba a jin muryarta."

Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba. Na ce Allah ya sawwaƙe, ya ce amin, ya juya ya tafi ko sallama bai yi da ita ba.

Zama ya fara. Halliru ya sami gindin wata bishiya kusa da tasha ya baje kayan facinsa. Da asuba shi ke riga Malam zuwa masallaci. Da azahar ya dawo ya shiga ɗaki ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa, ya fito yana yi mana sannu da aiki, domin a daidai lokacin ne aikinmu ke kan ganiyarsa, an dawo da niƙa daga inji, ana juya tunkuza a turmi, 'yan matan da ke taya ni suna daka suna waƙa. Ya gyara keken Malam kyauta. Ya gyara mini fitilar ƙwai da na fid da rai da ita. Ba a yi nisa ba Malam ya fara kiransa Malam Halliru.

Baraka kuwa ban taɓa ganin mai aiki kamarta ba. Ba wanda ya sa ta, ita ta ɗauki suyar gyaɗa ta mayar tata. Kullum da safe in leƙa in ce, "Baraka, an tashi lafiya?" Ta rusuna ta ce, "Lafiya lau, Inna." In ce, "Ya baƙunta?" Ta ce, "Baƙunta ta ƙare." In dubi fuskarta, ba kumburi, ba tabo. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to tata fuskar ba ta ba da labari.

Na kasa kunne iya kasawa. Ni da ko kaza ta yi tari a gidan maƙwabta sai na ji, ban ji komai daga ɗakin nan ba sai muryar Halliru yana hira ƙasa-ƙasa, wani lokaci har da dariya.

Wata rana muna matsar mai mu biyu na gaji da kewaye-kewaye. Na matsa ta wajen kunnenta mai ji na ce, "Ke, tunda kuka zo gidan nan ya taɓa ki?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, mai ya fara fitowa. A ƙara ruwan zafi?"

"Ba mai na tambaye ki ba."

Ta miƙa hannu ta ɗauko ruwan zafin.

Raina ya ɓaci. Na ce, "To ni me kike so in je in faɗa wa alƙali? In ce kin iya suya? Ke kika kai ƙara, aka kwaso ku aka jibge mini, ga wata ya raba, kin kulle baki kamar an ɗinke. In kin yi ƙarya ne ki faɗa mini tun yanzu mu san yadda za mu rufa miki asiri."

Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da kai ta ci gaba da juya taɓarya. Na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, na rasa wanda ya fi yawa.

Ranar da yamma na tayar wa Malam da maganar. Ya ce shi abin da ya gani zai faɗa, kuma abin da ya gani mutum ne mai salla mai girmama manya. Na ce ai ba a gaban liman ake dukan mace ba. Ya ce, "Gaskiya ne. To ke da kike cikin gida me kika gani?" Ni ma ban ga komai ba. Jikina yana gaya mini akwai wani abu, amma ba zan dafa Alƙur'ani a kan abin da jikina ya gaya mini ba. Na san kuma abin da shirun nawa zai jawo. Za a ɗora ta a akori-kura a mayar da ita gidan nan na bayan rafi, ga tambarin maƙaryaciya a goshi, ga miji da ta kai gaban alƙali. Ranar da ta sake buɗe baki ba mai saurarenta.

Ana cikin haka wata ya kusa mutuwa. Ina da maƙwabciya, Tasalla, tsarata ce, mai sayen tunkuza a wurina tana yin ƙuli-ƙulinta na siga. Zazzaɓi ya kwantar da ita kwana da kwanaki, na je na dubo ta har na kai mata kunu. Ran nan da hantsi sai ga ta ta yi sallama, ta rame, tana tafe tana dafa bango. Baraka na tsugune gaban murhu, ta ba ƙofa baya, tana juya gyaɗa a kasko.

Na ɗaga murya don murna na ce, "A'a, sannu! Yaya jiki?"

Murya biyu suka amsa mini a tare.

"Da sauƙi."

Tasalla ta yi dariya ta ce, "Ke kuma 'yar Fulani, wa ya tambaye ki?" Sai ta katse dariyar, domin ta ga yadda na tsaya.

Baraka ba ta ji sallamar Tasalla ba, kunnen da ya mutu ne ke wajen ƙofa. Ta ɗauka da ita nake. Kowa ya san yaya jiki gaisuwar majinyaci ce. In ka yi wa mai lafiya, zai waiwayo ya ce jikin wa, ni lafiyata ƙalau. Ba mai amsa da sauƙi sai wanda ciwo ke jikinsa. Ta waiwayo ta ga Tasalla, ta ga ni, ta gane abin da bakinta ya yi. Hannunta ya tsaya cak a kan kasko, gyaɗa ta fara ƙauri.

Na sauke kaskon da kaina. Na ce wa 'yan matan su je inji su jira niƙa. Na kama hannun Baraka na ce wa Tasalla ta biyo mu, muka shiga ɗakina na sako labule.

Na ce, "Ina ne da sauƙin?"

Ta juya mana baya, ta daɗe a tsaye, sannan ta kama bakin rigarta ta ɗaga a hankali, tana cije leɓe saboda yadin ya manne a wani wuri.

Tasalla ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Daga kafaɗa har ƙugu layi-layi ne, wani a kan wani. Akwai tsofaffi da suka yi baƙi suka kwanta. Akwai waɗanda suka yi ɓawo. Akwai guda biyu da suka fashe, ɗanye shar, ba su wuce jiya ba. Ba ko ɗaya a inda riga ba ta rufewa.

Na ce, "Da me?"

"Robar da yake ɗaure kaya a keke."

"A ina?"

"A ɗaki. In ya dawo cin abinci."

"A gidan nan? Muna tsakar gida?"

Ta gyaɗa kai. "In kun fara daka."

Na ce, "Me kika yi masa?"

Ta ce, "Da can ba a rasa dalili. Yanzu cewa yake na kai shi gaban mutane."

Na zauna a bakin gado. Mutumin nan yana fitowa daga ɗakin ya ce mana sannunku da aiki, ni kuma in ce masa yawwa Malam Halliru, a dawo lafiya. Na ce, "Baraka, don Allah ko ihu ɗaya? Katanga ce kawai tsakaninmu."

Ta ce, "Inna, ban iya ba. Ina ƙarama saniya ta take mini ƙafa na yi kuka, aka yi shekara ana yi mini waƙa da shi. Tun daga ranar in abu ya yi zafi sai muryar ta koma ciki. Ko na buɗe baki ba ta fitowa."

"To ya aka yi kika iya faɗa a kotu?"

"Muhutin da ke rubutawa bai san ni ba, ba na jin nauyinsa. Ke kuwa tuwonki nake ci. Ya zan dubi idonki in ce ana dukana a gidanki?"

Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Yarinya ta taso tun daga Gwangwan ita kaɗai, ta tsaya gaban maza ta faɗi abin da ba a faɗa a danginsu, ƙarfinta ya ƙare a nan. Mu kuma da aka ce mu sa ido sai muka tsaya jiran ta sake yin wani ƙarfin halin. Kullum muna miƙa mata tambayar da amsarta guda ce tun kaka da kakanni, muna karɓar amsar muna ajiyewa a matsayin labari. Maƙwabtanta na Gwangwan ba ƙarya suka yi ba. Sun gaishe ta, ta amsa.

Amma a wannan lokacin ba tunani ne ya zo mini ba, zuciya ce. Na miƙe na fita na suri taɓarya na nufi zaure, niyyata tasha. Tasalla da ke tafiya da dafa bango ita ta sha gabana ta riƙe taɓaryar.

Ta ce, "Hajo, in kika fasa masa kai, ke za a ɗaure, ita a mayar masa. Ido aka ce ki sa, kin sa. Ni ma na sa. Mu biyu ne yanzu."

Na aika aka kira Malam daga shago. Na faɗa masa komai a tsaye. Ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar, ya ɗauki kekensa ya tafi wurin alƙali. Ya dawo da saƙo cewa Baraka ta koma ɗakina daga yau, an kuma matso da zama zuwa ranar kasuwa.

Da azahar Halliru ya dawo kamar kullum, yana sallama yana fara'a. Malam ya tare shi a zaure ya ce daga yau nan ne masaukinsa, ba zai wuce ciki ba. Ina laɓe ina kallo ta kafar asabari. Ya ce, "Lafiya dai, Malam?" Malam ya ce alƙali ne ya ce. Na ga fara'ar ta sauka daga fuskarsa, ya leƙa ta saman kafaɗar Malam yana neman ta da ido. Kallon da na gani a ranar, da na gan shi tun farko da ban yi wata ina shakka ba.

Ranar kasuwa muka tafi kotu. Ɗaki ne dogo mai rufin kwano, benci na maza a gefe guda, mu mata a tabarma ta baya. An aika wa Bappa Sulle ya zo, ya zauna can ƙarshen benci da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Wan Halliru mai suna Shitu shi ma ya zo. Alƙali dattijo ne mai magana a hankali, sai ka kasa kunne.

Aka fara da Malam. Ya faɗi gaskiya, ya ce shi bai ga komai ba sai alheri, amma iyalinsa ta gani. Aka kira ni. Ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba, amma da na fara sai bakin ya kama hanyarsa. Na faɗi yadda aka yi gaisuwar, na faɗi abin da ke bayan yarinyar, tsohon da sabon, na faɗi robar, na faɗi lokacin. Ina cikin lissafa tabban sai na ji motsi. Bappa Sulle ne ya miƙe, ya sa malafarsa ya fice ba tare da ya nemi izini ba. Baraka ta bi shi da ido har ya ɓace.

Tasalla ta tashi ta faɗi nata, bai saɓa da nawa ba.

Alƙali ya ce, "Halliru, ka ji. Kana da abin cewa?"

Ya ce, "Allah ya gafarta malam, a tambayi Inna Hajo. Da safiyar ranar da take faɗa, da ta gaishe ta, ba lafiya lau ta ce ba?"

Alƙali ya dube ni. Na ce, "Ta ce."

Halliru ya buɗe hannuwa yana duban mutane.

Alƙali ya ce, "Ranar da muka binne mahaifina, duk wanda ya ce mini an wuni lafiya, lafiya lau na ce masa. Gaisuwa ba shaida ba ce. Waɗannan mata biyu gani suka yi, gani kuwa ya kori ji."

Sai Halliru ya sauya hanya. Ya ce to ko ya taɓa ta, ai miji yana da ikon ladabtar da iyalinsa, kuma mace ce mai taurin kai, ana yi mata magana tana yi kamar ba ta ji ba. Shitu ya sunkuyar da kai. Alƙali ya ce, "Ai a baya ka rantse ba ka taɓa ɗaga mata yatsa ba." Ya ce wa muhuti ya rubuta cutarwa ta tabbata.

Sannan ya ce a matso da Baraka gaba, ta wajen da take ji. Ya ce mata shari'a ta ba ta zaɓi. In tana son zama da mijinta, kotu za ta hukunta shi, ta rubuta masa sharaɗi, wansa ya tsaya masa cewa ba zai sake ba. In kuma ba ta so, kotu za ta raba auren, ba za ta mayar masa da ko allura ba. Ya ce, "Ba Hajo za ta zaɓa miki ba, ba ni ba. Daga bakinki nake so in ji."

Kowa ya zuba mata ido. Baraka ta dubi inda Bappanta ya tashi. Na san lissafin da take yi. In ta ce a raba, gidan wa za ta yi idda, tunda mai gidan ya fice ya bar ta? Na matse hannuna a cikin mayafi don kada in yi magana.

Ta ce, "Allah ya gafarta malam." Muryar ta maƙale, ta sake farawa. "Ina jin tsoronsa. In an rubuta takarda, a nan za ta kwana. Ni zai tarar a ɗaki."

"To me kike so?"

"A raba."

Alƙali ya raba. Ya ce ta yi idda a gidan waliyyinta. Ya sa Shitu ya tsaya wa ƙanensa a kan ba zai taka rugarsu ba, ba zai tare ta a hanya ko a kasuwa ba, ranar da ya yi kuwa ɗan sanda ne zai kawo shi. Zancen dukan kuma ya ce da sauran zama a kansa. Halliru ya dangwala yatsa a takarda bai dubi kowa ba.

Muka fito. Na duba gindin bishiyoyin da ke gaban kotu, ba Bappa Sulle. Tafiyar Baraka ta canja, kamar mai ciwon ƙafa. Na ce mata ɗakina yana nan, ta yi iddarta a wurina, wanda bai so ba ya sha ruwa. Ta ce, "Na gode, Inna," da muryar da ta nuna ba ta karɓa ba.

Muna shan kwanar gidanmu sai ga shi tsugune a ƙofar zaure, ya jingina da bango, malafa ta rufe masa fuska. Ya ji tafiyarmu ya ɗago. Idanunsa sun yi ja. Bai dubi Baraka ba, ni ya duba.

Ya ce, "Hajiya, abin da kika faɗa, idonki ne ya gani?"

Na ce, "Idona."

"Tsofaffin ma?"

"Sun fi sababbin yawa."

Ya ce, "Takan zo gida ba lokacin zuwa ba. In ce lafiya, ta ce lafiya. In bari ta kwana, da safe in sa ta gaba in mayar." Ya goge baki da bayan hannu. Ya faɗi wata gajeriyar magana da Fillanci yana kallon ƙasa, Baraka ta wuce ciki da sauri.

Na bi ta na taya ta haɗa kaya. Ba su da yawa: zannuwa, ƙorai biyu, 'yar tukunya, na ƙara mata kwalbar mai da ƙullin ƙuli-ƙuli. Muka zuba a babbar kwallarta mai zanen furanni muka ɗaure da zane. Ta fito da ita zaure, ta naɗa gammo ta ɗora a ka, ta sunkuya za ta ɗauka. Hannuwanta na kaiwa kafaɗa ciwon bayanta ya motsa, ta dakata, ta cije, ta sake yunƙurawa.

Tsohon ya miƙe. Ya miƙa mata sandarsa, ta karɓa ba ta san dalili ba. Ya cire malafarsa ya rataya a wuya. Ya ɗauke gammon daga kanta ya ɗora a kan furfurarsa, ya sunkuya ya ɗaga kwallar ya aza.

Na ce, "Haba Bappa! Kayan mata ne. Bari in nemo mai ɗauka."

Ya ce, "A'a."

Malam ya ce, "To ku bi ta bayan gari. Yau kasuwa, duk mutanenku suna kara wurin cinikin shanu."

Ya ce, "Ta kasuwa za mu bi."

Baraka ta ce, "Bappa," ta kasa ƙarasawa. A nan na ji kukanta, karo na farko tun zuwanta gidana, da murya sosai, har matan maƙwabta suka leƙo. Bai ce mata ta yi shiru ba. Ya tsaya da kaya a ka yana jira har ta gama, ta share fuska da gefen mayafi.

Suka kama hanya, shi a gaba, dattijo mai shanu da jikoki, ɗauke da kwallar mata mai furanni, hannu ɗaya ya tallafe ta saboda bai saba ba. Ita tana biye da sandarsa. Na tsaya a ƙofar gida ina kuka ba kunya. Na ga sun isa bakin kasuwa, na ga mutane suna tsayawa suna juyowa, shi kuwa bai sauya hanya ba, bai ƙara sauri ba.